Yadda Ake Tsara Aikin Gini da Fitar da Shi ga 'Yan Kwangila

Mai son gina makaranta, asibiti, rumbun ajiyar kaya ko bene mai hawa da yawa yakan ƙagu ya ga an sa diga a ƙasa, domin a ganinsa ranar ce aiki ya fara. Amma kafin wannan rana akwai watanni na aikin takarda, kuma a cikinsu ne ake yanke kusan duk shawarar da za ta sa ginin ya yi tsada ko ya zo da sauƙi. Manufar wannan aikin takarda ita ce a bayyana ginin filla-filla, ta yadda 'yan kwangila biyar da ba su san juna ba za su karanta, su fahimci abu ɗaya, su sa wa abu ɗaya farashi. Idan kowannensu ya fahimci wani abu daban, to, ba a yi gasar farashi ba, an dai tara lambobi ne da ba za su gwadu da juna ba.

Mataki na farko: rubuta buƙata

Kafin a kira mai zane, mai gini ya zauna ya rubuta abin da yake so da kalmomi. Ya faɗi amfanin da za a yi da ginin, yawan mutanen da za su shiga a lokaci guda, adadin ɗakuna da girman kowanne, motocin da za su buƙaci wurin tsayawa, ko ana sa ran ƙara wani hawa nan gaba, da ranar da ake son shiga. Batun ƙarin hawa yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato, saboda tushen da aka yi wa bene mai hawa biyu ba zai ɗauki huɗu ba, kuma ƙarfafa shi bayan an gama gini aiki ne mai cin kuɗi ƙwarai. A cikin wannan takarda ne kuma ake faɗin iyakar kuɗin da ake da shi. Wasu masu gini sukan ɓoye wa mai zane wannan adadi don tsoron kada ya cinye shi duka, sakamakon haka sai ya zana musu ginin da ba za su iya biya ba, a ɓata wata uku, a dawo baya.

Mataki na biyu: binciken fili

Safiyo ne ke fara shiga. Shi zai auna iyakokin filin, ya nuna tudu da gangare, ya sa alamar bishiyoyi, magudanan ruwa, bututu da wayoyin da suka ratsa ta ciki. Daga nan sai gwajin ƙasa. Ana huda ramuka masu zurfi a wurare daban-daban na filin, a ɗebo samfuri a kai ɗakin gwaji, a gano nauyin da ƙasar za ta iya ɗauka, da zurfin da ruwa yake, da ko akwai laka mai kumbura idan ta sha ruwa ta kuma tsuke idan ta bushe. Da wannan rahoto injiniya ke yanke irin tushen da za a yi: ko na kowace fila, wato ginshiƙi, da ƙafarta, ko faifan kankare guda da zai shimfiɗu a ƙarƙashin ginin baki ɗaya, ko kuma dogayen turaku da za a kafa har su tarar da ƙasa mai ƙarfi.

A ganina babu tsimin da ya kai tsallake gwajin ƙasa wauta. Kuɗinsa ɗan kaɗan ne idan aka gwada da kuɗin ginin, amma abin da ke ƙarƙashin ƙasa yana cikin manyan abubuwan da ke haddasa rigima tsakanin mai gini da ɗan kwangila. Ɗan kwangilar da ya sa farashin haƙa ƙasa mai laushi, ya tarar da dutse a zurfin mita ɗaya, zai kawo takardar neman ƙari, kuma yana da gaskiya.

Mataki na uku: zaɓar ƙwararru da hanyar ba da aikin

Aiki mai matsakaicin girma yana buƙatar mai zanen gini, injiniyan ƙarfin gini wanda ke lissafin tushe, filoli, bim (sandar kankaren da ke kwance a kan filoli) da dakin (shimfiɗar kankaren bene), injiniyoyin lantarki da na ruwa da na sanyaya iska, sai mai ƙididdigar kaya da farashi. A duba rajistar kowannensu da hukumar sana'arsa, a kuma rubuta yarjejeniya da ke faɗin abin da zai miƙa a kowane mataki.

A nan ne ake zaɓar hanyar da za a bi. Hanyar da aka fi sabawa da ita ita ce a gama zane, a fitar da shi ga 'yan kwangila, wanda ya ci ya gina, kuma ita ce wannan bayani ya fi mai da hankali a kai. Akwai kuma wadda ake ba kamfani ɗaya zane da gini gaba ɗaya, mai gini ya ba shi jerin buƙatunsa kawai. Wannan ta fi sauri, kuma idan matsala ta taso mutum ɗaya za a kama, sai dai mai gini yana rasa ikon da yake da shi kan ƙananan abubuwa, domin duk abin da bai rubuta a buƙatarsa ba kamfanin zai zaɓi mafi araha.

Mataki na huɗu: zane

Ba a zama ɗaya ake gama zane ba. Cibiyar masu zanen gini ta Birtaniya, wato RIBA, ta raba rayuwar aikin gini zuwa matakai takwas, daga 0 zuwa 7, kuma uku daga ciki na zane ne zalla. Sauran ƙasashe suna da nasu sunayen, amma tsarin kusan iri ɗaya ne.

Da farko ana yin zanen tunani, wanda ke nuna inda ginin zai zauna a filin, fuskar da zai kalla saboda rana da iska, da yadda ɗakuna za su haɗu da juna. Mai zane nagari zai kawo zaɓi biyu ko uku, mai ƙididdiga kuma ya sa wa kowanne ƙiyasin farko bisa faɗin ginin a murabba'in mita. Wannan ne lokacin da mai gini zai canja ra'ayi yadda ya ga dama, domin matsar da bango a nan goge layi ne kawai. Idan aka amince da ɗaya, sai a shiga faɗaɗa shi: injiniya ya tsayar da wuraren filoli da kaurin dakin, a zaɓi irin rufi da tagogi, a ware hanyoyin bututu da na waya, a duba matakala da ƙofofin gudu idan gobara ta tashi. A ƙarshen wannan zagaye ya kamata mai gini ya sa hannu cewa ya amince, kuma duk canjin da zai zo bayan haka a rubuta shi tare da kuɗinsa. Galibi da zanen wannan zagaye ake neman izinin hukumar tsara birni, kuma tunda amsar hukuma takan ɗauki lokaci, gara a miƙa da wuri.

Zagaye na uku shi ne zanen aiki, wanda birkila da kafinta da mai ɗaura rodi za su riƙe a hannu. Taswirar fili takan zo a ma'aunin 1:500 (wato santimita ɗaya a takarda yana wakiltar santimita 500 a ƙasa) ko 1:200, shimfiɗar kowane hawa a 1:100 ko 1:50, mahaɗar taga da bango ko bakin rufi kuma a 1:10 ko 1:5. Akwai jadawalin ƙofofi da tagogi, kowacce da lambarta da girmanta, da jadawalin rodi mai nuna kauri, tsawo, lanƙwasa da adadin kowane sanda.

Abin da ya fi wuya a nan shi ne daidaita zanen mutum huɗu ya zama na gini ɗaya. Ɗauki misalin wani baranda a hawa na biyu. Mai zane ya sa silin a tsawon mita 2.7, injiniya ya ratsa bim mai zurfin milimita 600 a wurin, injiniyan sanyaya iska kuma ya bi da babban bututunsa ta daidai inda bim ɗin yake. Kowane zane daidai yake idan aka dube shi shi kaɗai, amma ba za a iya gina ukun tare ba. Idan ba a gano wannan a ofis ba, za a gano shi ne ranar da aka riga aka zuba kankare, sannan a fara muhawarar ko a huda bim, abin da injiniya ba zai yarda da shi ba, ko a sauke silin har mutum ya riƙa taɓa shi da hannu. Shi ya sa ake ɗora zanen a kan juna kafin a fitar da su. A manyan ayyuka yanzu ana gina siffar ginin baki ɗaya a kwamfuta, tsarin da ake kira BIM, manhaja ta nuna duk inda bututu ya ci karo da bim.

Gidan wasan Opera na birnin Sidni a Ostireliya shi ne misalin da aka fi kawowa kan illar fara gini kafin zane ya nuna. Jørn Utzon, ɗan ƙasar Danmak, ya ci gasar zanen a 1957, gwamnati kuma ta matsa aka fara aiki a 1959 alhali ba a warware yadda za a gina rufin ba. Da aka tsayar da siffar rufin, sai aka ga ginshiƙan da aka riga aka kafa ba za su ɗauke shi ba, dole aka sake su. An yi ƙiyasin dalar Ostireliya miliyan 7, aka ƙare a miliyan 102, aka buɗe ginin a 1973, shekara goma bayan lokacin da aka tsara.

Mataki na biyar: haɗa takardun tayi

Zane yana nuna siffa da girma, amma ba ya faɗin inganci. Wannan aikin takardar ƙayyade inganci ce, wadda ke faɗin ƙarfin da kankare zai kai bayan kwana 28, irin rodin da za a yi amfani da shi, kaurin filasta, shafin fenti nawa za a yi, da gwajin da za a yi kafin a karɓi kowane sashe. Kalmomi irin su "tayil mai kyau" ko "ƙofa mai inganci" ba su da wurin zama a cikinta, saboda kowane ɗan kwangila yana da nasa ma'aunin kyau. A faɗi girma, kauri da mizanin da kayan za su cika. Idan an ambaci sunan wani kamfani don misali, a ƙara da cewa ko makamancinsa, musamman a aikin gwamnati, don kada a ɗaure gasar ga mai sayarwa guda.

Sai lissafin adadin aiki, wanda mai ƙididdiga ke aunawa daga zane. Kowane layi yana ɗauke da bayanin aikin, ma'auninsa da adadinsa, sannan a bar gurbi biyu babu komai, na farashin ɗaya da na jimla, don ɗan kwangila ya cike. Ana auna haƙa da kankare da kubik mita, bulo da filasta da fenti da murabba'in mita, rodi da kilo ko tan, ƙofofi kuma da ƙidaya. A farkon lissafin akwai sashen share fage, wanda ya ƙunshi shingen wurin aiki, ofishin wucin gadi, ruwa, wuta, masu gadi da inshora. Akwai kuma kuɗin da ake warewa don aikin da ba a gama tantance shi ba. Idan irin waɗannan kuɗaɗen suka yi yawa a lissafi, alama ce cewa zanen bai kammala ba, an dai yi gaggawar fitar da shi ne.

Mai ƙididdiga zai cike kwafi ɗaya da nasa farashin, ya rufe, ya miƙa wa mai gini. Wannan shi ne ma'aunin da za a gwada tayin 'yan kwangila da shi. Mai gini kuma ya ajiye wani abu a gefe saboda abin da ba a zata ba, wanda galibi yakan kama daga kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari.

Kada a ƙirƙiro sharuɗɗan kwangila daga ka. Akwai tsararrun sharuɗɗa da aka daɗe ana amfani da su, kotuna da masu sasanci sun riga sun fassara su. Mafi shahara a ayyukan ƙasa da ƙasa su ne na FIDIC, ƙungiyar injiniyoyi masu ba da shawara da aka kafa a 1913, littattafai ne da ake kira da launin bangonsu: Ja ga aikin da mai gini ya kawo zanensa, Rawaya ga wanda ɗan kwangila zai zana ya gina, Azurfa ga wanda zai gama komai ya miƙa makulli. Abin da ya rage wa mai gini shi ne cike guraben da suka shafi aikinsa: wa'adin kammalawa, tarar jinkiri ta kowace rana da iyakarta, kason da za a riƙa riƙewa daga kowane biya, wanda galibi kashi 5 ne ko 10 cikin ɗari, wa'adin gyaran aibu wanda aka fi sa wa wata 12, da ko farashin zai motsa idan kayan gini suka tashi. Idan za a ba da kuɗin kafin alƙalami, a sharɗanta lamunin banki daidai da adadinsa.

Abu na ƙarshe shi ne umarni ga masu tayi, inda za a faɗi rana da sa'ar rufewa, takardun da za a haɗo, kwanakin da tayin zai ci gaba da aiki, sau da yawa 90 ko 120, da yadda za a auna wanda ya ci. Ma'aunin nan dole ya fito a rubuce tun yanzu, domin sauya shi bayan an ga farashi shi ne ƙofar da son kai ke shiga.

Mataki na shida: gayyata

Ko dai a yi talla a jarida da intanet kowa ya shigo, ko a gayyaci wasu zaɓaɓɓu. Dokokin sayen kaya na yawancin gwamnatoci sun fi son buɗaɗɗiyar gasa idan kuɗin ya kai wani adadi, mai gini na kansa kuwa yana da zaɓi. A babban aiki gara a fara da tantancewa: a nemi shaidar ayyuka masu kama da wannan da kamfani ya gama, rahoton kuɗinsa na 'yan shekarun baya, ma'aikatansa da injinansa, sannan a ba waɗanda suka tsallake takardun. Kamfani huɗu zuwa shida sun isa a samu gasa ta gaskiya. Shirya tayi yana cin kuɗi da lokaci, kuma kamfanin kirki ba ya son ɓata mako huɗu a gasar da mutum talatin suka shiga.

Mataki na bakwai: lokacin shirya tayi

A ba su isasshen lokaci, makonni huɗu zuwa shida ga aiki mai nauyi, saboda su ma sai sun nemi farashi daga masu sayar da kaya da ƙananan 'yan kwangila. A sa rana ɗaya a kai su duka su ga filin. Tambayoyi za su zo, kuma ƙa'idar ita ce a yi su a rubuce, a aika amsa ga kowa da kowa ba tare da faɗin wanda ya yi tambayar ba. Amsar da aka ba mutum ɗaya ta waya, ko da da kyakkyawar niyya ce, ta ɓata gasar. Idan tambaya ta tono kuskure a zane, a fitar da takardar gyara mai lamba da kwanan wata, a ƙara wa'adi idan gyaran babba ne.

Mataki na takwas: buɗewa

Da sa'ar ta cika ake rufe akwatin da ake jefa tayi, ko shafin intanet ya kulle kansa, kuma wanda ya makara da minti biyar a mayar masa da ambulansa a rufe. Ana buɗewa nan take a gaban wakilan kamfanonin. Jami'i ɗaya ya ɗaga ambulan kowa ya ga hatiminta bai taɓu ba, ya farke, ya karanta sunan kamfani, jimlar farashi, rangwame idan akwai, da ko an haɗo lamunin tayi, wani kuma yana rubutawa, a ƙarshe waɗanda suka halarta su sa hannu. Ba a yanke hukunci a wannan zama. Inda ake amfani da ambulan biyu, ta fasaha, wato mai nuna ƙwarewar kamfani da yadda zai yi aikin, ake fara buɗewa, ta farashi kuma ta zauna a rufe har sai an san waɗanda suka cancanta.

Lamunin tayi takarda ce daga banki ko kamfanin inshora, wadda mai gini zai karɓi kuɗinta idan ɗan kwangila ya janye bayan an buɗe, ko ya ci ya ƙi sa hannu.

Mataki na tara: tantance tayi

Ana farawa da duba cika sharuɗɗa: sa hannu, lamuni, da ko ɗan kwangila ya cusa wani sharaɗi nasa. Sai a bi lissafin layi-layi. Idan aka rubuta murabba'in mita 120 a kan farashin 50, amma aka sa jimla 600 maimakon 6,000, ƙa'idar da aka fi bi ita ce farashin ɗaya ke tsayawa a gyara jimla, haka kuma idan lamba ta saɓa da abin da aka rubuta da kalmomi, kalmomin ake ɗauka.

Daga nan sai a jera farashin kowa gefe da gefe, kuma a nan ne ƙwarewar mai ƙididdiga ke fitowa. Wani ɗan kwangila zai zuba tsada a haƙa da tushe, ya karya farashin fenti da tayil, jimlarsa ta fito daidai da ta kowa, amma ya kwashe ribarsa a watannin farko, ya bar ƙarshen aiki ba abin da zai riƙe shi. Wani kuma ya lura cewa an yi ƙarancin auna wani abu a lissafi, sai ya ɗora masa farashi mai yawa yana jiran a sake aunawa. Akwai kuma alamun haɗa baki, kamar kuskuren rubutu iri ɗaya a takardun kamfanoni biyu, ko tazarar farashi da ta yi daidai wa daida fiye da yadda hankali zai ɗauka.

Tayin da ya yi ƙasa sosai da ƙiyasi shi ya fi ruɗin mai gini, domin yana ganin ya tsinci dami a kala. Amma araha ba ta ado: wanda ya sa farashin da ba zai ishe shi sayen siminti da rodi ba, ko dai ya manta wani abu ne, ko yana da niyyar rage inganci, ko yana shirin fanshewa ta hanyar neman ƙari. Ba a jefar da irin wannan tayi kai tsaye ba. A rubuta masa a nemi ya warware yadda ya kai ga farashin manyan layuka, kaya nawa, lebura nawa, injina nawa. Idan bayaninsa ya tsaya a karɓa, idan bai tsaya ba a ajiye shi, a rubuta dalili a rahoto.

Mataki na goma: ba da aiki

Kwamitin tantancewa zai rubuta rahoto mai ɗauke da shawara, mai ikon amincewa ya sa hannu. A sanar da duka masu tayi sakamako. A tsarin Tarayyar Turai ana dakatawa aƙalla kwana 10 kafin a ƙulla kwangilar, Bankin Duniya kuma yana ba da ranakun aiki 10, don wanda yake ganin an zalunce shi ya kai ƙorafi tun ba a makara ba. Bayan haka sai a aika wa wanda ya ci takardar amincewa. A sharuɗɗan FIDIC yana da kwana 28 ya kawo lamunin cika aiki, wanda idan na banki ne galibi yakan kama kashi 10 cikin ɗari na kuɗin kwangilar. Kada a saki lamunin tayi na wanda ya zo na biyu sai na farko ya kawo nasa ya sa hannu, saboda idan ya gaza, na biyun za a koma wa.

Ana ɗinke yarjejeniya, takardar amincewa, sharuɗɗa, takardar inganci, zane, lissafin da aka cike da duk takardun gyara su zama kundi ɗaya, a rubuta wanda ke gaba da wani idan suka saɓa. Ɗan kwangila ya kawo takardun inshora da jadawalin aikinsa, a yi zaman farko tare da masu zane, a zagaya filin a ɗauki hoton halin da yake ciki, sannan a miƙa masa shi a rubuce da kwanan wata, domin daga ranar farawar da aka sanar ne wa'adin kammalawa ke fara ƙirguwa.